Korona da ciwon afendis: ƙwayar cutar ce ta tsananta shi, ko jinkirin zuwa asibiti?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Tambayata a kan ciwon afendis ce, wanda a gida wasu ke ce wa tsakuwa. An koya mana cewa a 2020, da korona ta game duniya, asibitoci a ƙasashe da dama sun ga masu zuwa da afendis sun ragu, amma cikin waɗanda suka zo, masu zuwa da shi a fashe ko ya tara mugunya sun ƙaru. An kuma ce wasu manyan asibitocin Turai sun ajiye wuƙa sun koma ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kawai, alhali abin da aka saba ji shi ne afendis ba shi da magani sai tiyata.

To ƙwayar koronar ce ke sa shi saurin ruɓewa? Shi kuma maganin, da gaske yana warkarwa, kuma wa ya dace a ba? Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan asibitocinmu da ba su da na'urar hoton CT: idan wata annobar ta sake zuwa aka yi kulle, me ya kamata su yi? Allah ya saka da alheri.

Likitan Tiyata ya amsa:

Wa alaikumus salam malama. Babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna ƙwayar korona tana sa afendis saurin ruɓewa. Abin da ya canja shi ne tazarar da ke tsakanin fara ciwo da isowa ɗakin tiyata, kuma wannan ciwo ne mai tafiya da agogo.

Afendis ɗan tsiro ne kamar ƙaramin yatsa, tsawonsa galibi santimita 6 zuwa 10, a manne da farkon babban hanji ta gefen dama na mara. Baki ɗaya gare shi, ƙarshensa a rufe yake. Idan bakin ya toshe, ko da busasshen kashi da ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa, ko da kumburin kaluluwar da ke jikin bangonsa, wani lokaci ma da tsutsar ciki, to majinar da yake fitarwa ta rasa mafita. Sai ya cika ya kumbura. Matsin ya fara danne ƙananan jijiyoyin da ke kwashe jini, daga baya ya danne masu kawo shi. Bangon ya rasa jini ya mutu, ya yi baƙi, sannan ya huje, kashi da mugunya su zuba cikin ciki.

Mara lafiya yana jin waɗannan matakan a jikinsa. Da farko ciwon yana kewayen cibiya, in kika ce ya nuna wurin sai ya ɗora tafin hannu gaba ɗaya. Sha'awar abinci ta ɗauke, zuciya na tashi, ya yi amai sau ɗaya ko biyu. Bayan awa 12 zuwa 24 ciwon ya gangaro dama, a nan sai ya nuna miki da yatsa ɗaya. Ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ki raba shi uku. Wurin da kaso na farko ya ƙare daga wajen ƙashin, nan ne ya fi zafi. Za ki ga yana tafiya a duƙe, tari na ƙara masa ciwo, kuma duk ramin da a-daidaita-sahu ya faɗa a hanya sai ya dafe ciki. Zazzaɓin ba ya da ƙarfi a wannan matakin, digiri 37.5 zuwa 38. A yini na farko fashewa ba ta cika faruwa ba. Daga awa 36 zuwa 48 haɗarin ke hawa. Akwai kuma wata yaudara: da ya huje matsin ya sauka, ciwon ya ɗan lafa na wasu awoyi, 'yan gida su ce an samu sauƙi. Daga nan ciki ya ɗauki ciwo ko'ina, ya yi tauri kamar katako, bugun zuciya ya haura 110, zazzaɓi ya kai 39.

Yanzu ki auna wannan agogon da abin da ya faru a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki. Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a Nijar kuma aka killace Yamai. Jinkirin ya fara ne tun daga gida, domin duk mai zazzaɓi yana tsoron a ce korona ce a kai shi cibiyar killacewa, sai a aika yaro kemis. A haɗo masa Flagyl da ciprofloxacin da diclofenac, ko a yi gwajin Widal a ce taifot ce, ko a ce olsa. Magungunan nan suna rage zafi da zazzaɓi, ba sa buɗe bakin da ya toshe. Sai jinkirin hanya: ba abin hawa, ga shingayen jami'an tsaro. Sai na bakin asibiti, inda wasu ƙananan asibitoci suka riƙa mayar da masu zazzaɓi saboda ma'aikatansu ba su da kayan kariya. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ciwo, domin a cikin asibiti yake faruwa: a kwantar da mutum ana jiran sakamakon gwajin korona na PCR, wanda a watannin farko kan ɗauki kwanaki, saboda ɗakunan gwajin kaɗan ne a duk ƙasar. Rabin yini nan, yini guda can, kafin a ankara an cinye kwana uku. Gudun gara aka faɗa gidan zago.

Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Wanda bai fashe ba, yanka ne na kusan santimita 5 a marar dama, a raba tsokoki ba tare da an datse su ba, a lalubo farkon babban hanji, a bi zaren da ke jikinsa har gindin afendis, a ɗaure jijiyar jininsa, a ɗaure gindin da zare mai narkewa, a yanke. Kututturen da za a bari kada ya wuce rabin santimita, in ya yi tsawo yana iya sake kumbura wata rana. Ƙasa da awa ɗaya an gama, allurar rigakafin ƙwayoyin cuta sau ɗaya ce cikin minti 60 kafin a sa wuƙa, kwana ɗaya ko biyu an sallame shi. Wanda ya fashe ya watsu kuwa sai an tsaga tsakiyar ciki daga cibiya zuwa ƙasa, a tsotse mugunya, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a ci gaba da allurai kwana 3 zuwa 5 ko fiye. Rauni na iya ruɓewa, hanji na iya ƙin motsi na kwanaki, kuma tsakanin kwana 5 zuwa 10 mugunya na iya taruwa a ƙasan mara, a ga zazzaɓi na hawa da sauka da zawo mai majina. Ki lura kuma, a arewacin Najeriya zuwa a makare ba korona ce ta kawo shi ba. Ta tarar da shi, ta ƙara masa kwanaki.

Mai Nazarin Annoba ya amsa:

Likita, Allah ya ƙara basira, na yarda da maganar jinkiri, amma akwai wurin da ake yawan yin tuntuɓe wajen karanta rahotannin nan. Mafi yawansu kaso suka ba da, ba adadi ba. Ga misali na lissafi kawai: a ce kafin annoba mutum 100 ke zuwa, 20 a fashe, kashi 20 cikin 100 ke nan. Lokacin kulle mutum 60 suka zo, 20 a fashe. Kason ya koma kashi 33, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba cikin masu fashewar. Masu sauƙin ne ba su zo ba.

Wannan ya farfaɗo da wata tsohuwar muhawara tsakanin likitocin tiyata. Wasu na ganin ba kowane afendis ne ke kan hanyar fashewa ba: akwai mai sauƙi da kan lafa da kansa ko da ɗan magani, akwai kuma mai tsanani da kan ruɓe da wuri. A wasu asibitocin adadin masu fashewar ya tsaya inda yake, masu sauƙin suka ragu, wanda ke ƙarfafa wannan ra'ayi. A wasu kuma adadin kansa ya hau, tare da tsawon kwanakin ciwo kafin zuwa, wanda ke ƙarfafa maganarka. Duka biyun sun faru, gwargwadon tsananin kulle da nisan asibiti. Wani abu da ya ragu a wurare da dama shi ne ciro afendis mai lafiya bisa kuskure, domin an ƙara yawan ɗaukar hoto kafin a shiga tiyata.

Sai dai ina jan kunne kada mu ɗauko fassarar Turai mu ɗora wa kanmu. A ƙasar da ake rubuta kowace mutuwa da sanadinta, in mutum bai zo asibiti ba kuma bai bayyana a rajistar mamata ba, ana iya cewa ya warke. Mu kuwa ana rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, ba bincike ba takarda. Rashin ganinsa a asibiti bai nuna ya warke ba. Shi ya sa nake roƙon masu kula da rajistar ɗakin tiyata su riƙa rubuta lokaci uku ga kowane mai afendis: sa'ar da ciwo ya fara, sa'ar da ya iso, da sa'ar da aka sa wuƙa, tare da halin da aka tarar da shi, kumburi ne kawai, ya ruɓe, ya huje, ko ya tara mugunya. Da waɗannan ne za a gane ko a gida aka yi asarar lokacin ko a hannunmu.

Likitar Tiyatar Ciki ta amsa:

'Yar'uwa, bari in ɗauki tambayar magani. Ba korona ce ta ƙirƙiro shi ba. A Finlan an yi binciken APPAC a kan manya 530 waɗanda hoton CT ya tabbatar afendis ɗinsu bai fashe ba, aka wallafa a 2015. Cikin waɗanda aka ba magani, kusan kashi 27 cikin 100 sai da aka yi musu tiyata cikin shekara guda, a shekara biyar kuma adadin ya kai kusan kashi 39. A Amurka binciken CODA ya ƙunshi mutum 1,552, sakamakonsa ya fito a Oktoban 2020 ana tsakiyar annoba: cikin masu shan magani na kwana 10, kashi 29 an ciro musu afendis cikin kwana 90. Abin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne, waɗanda hoto ya nuna akwai tsakuwar kashi a ciki, kashi 41 ne suka kai ga tiyata, marasa ita kashi 25, kuma masu tsakuwar sun fi samun matsala. Da aka bi su zuwa shekara huɗu, kusan rabi an yi musu aikin.

Abin da annoba ta yi shi ne tura wannan hanya gaba da ƙarfi. A ƙarshen Maris 2020 ƙungiyoyin likitocin tiyata na Birtaniya suka ba da shawarar a yi taka-tsantsan da tiyatar kyamara, wadda ake yi ta ƙananan kafofi bayan an hura wa ciki iska, a gwada magani inda zai yiwu, in za a yi aiki a yi na buɗe ciki. Dalilansu: gadaje sun cika, ana tsoron iskar da ake hura wa ciki ta watsa ƙwayar cutar, kuma masu korona na shan wahala bayan an sa su barci. Da aka fahimci cutar, aka samu gwajin gaggawa, sai aka sassauta shawarar, yawancin asibitoci suka koma yadda suka saba.

Wanda ya dace da magani shi ne babba mai ƙarfin jiki, ciwon bai wuce kwana biyu ba, yana wuri ɗaya a dama, kuma hoto ya nuna babu tsakuwa, babu huji, babu mugunya. A sikanin ciki ana neman afendis mai kauri fiye da milimita 6 wanda ba ya lotsewa in an danna, a duba ko akwai tsakuwa mai jefa inuwa ko ruwa a kewaye. Mai juna biyu ba ta cikin waɗanda suka dace, domin fashewa barazana ce ga abin da ke cikinta. Haka tsoho, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai raunin garkuwar jiki. Kowace mace da ta isa haihuwa a yi mata gwajin ciki tukuna. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kama da afendis sosai, kuma zubar jini yake kashewa da ita, allura ba ta tsayar da shi.

Yadda ake yi: a kwantar da shi, a sa ƙarin ruwa, ceftriaxone giram 1 zuwa 2 ta jijiya sau ɗaya a rana, da metronidazole miligiram 500 ta jijiya duk awa 8. A ba shi maganin ciwo, paracetamol giram 1 duk awa 6, a ƙara mai ƙarfi in ana buƙata. Tsohuwar maganar nan cewa kada a ba mai ciwon ciki maganin raɗaɗi don kada alamomi su ɓace, bincike ya rushe ta. Ba maganin wankin ciki, ba bututun dubura. A auna bugun zuciya da zafin jiki duk awa 4, kuma likita ɗaya ya riƙa taɓa cikin duk awa 6 zuwa 12, domin hannun da ya taɓa da safe shi ya fi gane canji da yamma. In cikin awa 24 zuwa 48 ciwo ya ragu, zazzaɓi ya sauka, ya nemi abinci, sai a koma ƙwayoyi: ciprofloxacin miligiram 500 sau biyu a rana da metronidazole miligiram 400 sau uku, ko amoxicillin mai clavulanate miligiram 625 sau uku, a cika kwana 7 zuwa 10 gaba ɗaya. A gaya masa kada ya haɗa ciprofloxacin da nono ko madara ko farin maganin olsa na ruwa a lokaci guda, suna hana jiki ɗaukarsa. In kuwa bugun zuciya na hawa, ciwo na yaɗuwa, ko amai ya ƙi tsayawa, an gama gwaji, sai ɗakin tiyata.

Ra'ayina game da ƙananan asibitocinmu, kuma zan faɗe shi ba kwana-kwana: duk binciken nan an yi su ne inda ake da CT, kuma mara lafiya na iya dawowa cikin awa ɗaya in abu ya ɓaci. Kulle yana cire ainihin wannan sharaɗin. Mutumin da ya sha wahalar tsallake shingaye daga ƙauye, in ka sallame shi da ƙwayoyi, ba ka da tabbacin zai iya dawowa. In akwai mai iya aikin da mai sa barci, ciro shi a gama shi ya fi aminci. Magani ya zama gada ga wanda ake shirin turawa gaba, ko inda babu ɗakin tiyata kwata-kwata, kuma a fara allurar farko kafin ya hau mota. A sani kuma, wanda aka riga aka sa wa ruwa da allurai kuma bai fashe ba, jiran da bai wuce awa 24 ba a cikin asibiti ba ya ƙara haɗarin fashewa. Ba sai an tashi tawagar da ta gaji da ƙarfe uku na dare ba. Wanda cikinsa ya yi tauri ba ya cikin wannan rangwamen.

Mai Sa Barci a Ɗakin Tiyata ya amsa:

Tsoron yi wa mai korona tiyata yana da tushe. Binciken COVIDSurg da ya fito a Mayun 2020 ya duba mutum 1,128 a ƙasashe 24 da suka kamu da cutar daf da tiyata ko bayanta: kusan rabi sun samu matsalar huhu, kusan kashi 24 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Amma haɗarin ya fi yawa ne ga tsofaffi da masu manyan ayyuka, kuma lokacin babu allurar rigakafin korona. Shawarar da ta biyo baya ta a jira mako 7 bayan kamuwa, ta aikin da za a iya ɗagawa ce. Cikin da mugunya ta cika ba ya jiran mako 7, ba ya ma jiran sakamakon PCR. A ɗauka yana da cutar, a sa kayan kariya, a shiga.

Inda haɗarin ma'aikata yake shi ne lokacin zura bututun numfashi da cire shi, saboda tari. A rage mutane a ɗakin zuwa waɗanda dole ne, kowa da takunkumin N95 da kariyar ido, a sa matata tsakanin bututu da na'ura, a hura balan-balan ɗin bututun kafin a fara ba da iska. Ga babban da bai galabaita ba, allurar kashin baya ta kauce wa duk wannan: bupivacaine mai nauyi na kashi 0.5, mililita 2.5 zuwa 3, a tabbatar mutuwar jikin ta kai ƙarshen ƙashin ƙirji kafin a sa wuƙa. In ba ta kai ba, da an jawo hanji zai fara yunƙurin amai da jin ciwo a ƙahon zuci. Likita ya ja a hankali. Amma wanda ya kwana uku yana amai, leɓe a bushe, ido ya faɗa, allurar baya za ta kifar da hawan jininsa nan take. Irin wannan sai an cika masa ruwa tukuna, Ringer ko ruwan gishiri, a sa robar fitsari a ga yana ba da aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa, a sa bututun hanci in ciki ya kumbura, sannan a sa shi barci gaba ɗaya. Awa biyu ko uku na wannan gyaran ba ɓata lokaci ba ne, shi ke raba wanda zai farka da wanda ba zai farka ba.

Tiyatar kyamara kuwa, ba a samu tabbataccen shaida cewa hayaƙinta ya harbi ma'aikata da korona ba. Inda ake da ita, a rage matsin iska zuwa tsakanin 8 da 12 a ma'aunin mmHg, a fitar da iskar ta matata kafin a zare ƙarafan.

Abu biyu ga masu duba marasa lafiya a ɗakin killacewa. Dexamethasone da ake ba masu korona mai tsanani yana danne zazzaɓi da taurin ciki, tocilizumab, wanda shi ma ake ba su, yana kifar da sakamakon CRP, wato gwajin jini mai nuna kumburi, sai afendis ya fashe a ɓoye. Korona kuma tana sa jini daskarewa, don haka bayan aiki a tayar da mutum ya yi tafiya da wuri, a ba shi enoxaparin miligiram 40 a rana in babu abin da ya hana. A yankinmu ma akwai wadda ta fi korona haɗari ga mai riƙe wuƙa: zazzaɓin Lassa na zuwa da ciwon ciki, kuma an sha rasa ma'aikatan lafiya a Najeriya bayan sun yi hulɗa da jinin mai ita. Zazzaɓin da ya riga ciwon ciki da kwanaki, ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, a lokacin rani, a tsaya a yi tunani.

Likitar Yara ta amsa:

A ƙara da yara, domin nan korona ta kawo sabon abu da gaske. A Afrilun 2020 likitocin Birtaniya suka fara ba da rahoton wani kumburin gaɓoɓi da ke kama yara mako 2 zuwa 6 bayan sun yi korona, sau da yawa ba a ma san sun yi ta ba. Ana kiransa MIS-C. Yana kumbura ƙarshen ƙaramin hanji da kaluluwar ciki, daidai inda afendis yake, kuma an buɗe cikin wasu yara aka tarar afendis lafiya lau. Jerin alamomin ne ke raba su. A afendis ciwo ke fara zuwa, sai amai, sai ɗan zazzaɓi. A wannan kuwa zazzaɓi mai zafi ke riga, kwana uku ko fiye, ga jan ido ba kwantsa, leɓe ja a tsattsage, ƙuraje, tafin hannu da ƙafa a kumbure, hawan jini ya yi ƙasa. Zuciyar yaron na iya yin rauni, kuma sa shi barci a haka haɗari ne babba, a duba ta tukuna. Maganinsa immunoglobulin ta jijiya da sitiroyid. Ana kuma samun yaron da ya haɗa biyun, saboda haka a ci gaba da taɓa ciki.

'Yan ƙasa da shekara 5 ko ba annoba yawancinsu a fashe suke zuwa. Ba sa iya faɗin inda ke ciwo, kitsen da ke lulluɓe hanji bai yi tsawon da zai naɗe wurin ba, kuma sau da yawa zawo suke yi, sai a ce haƙori ne. Yaron da ya kwanta shiru ya naɗe ƙafar dama, ya ƙi tsalle, ya ƙi a ɗauke shi, a duba shi da kyau. Awonsu: ceftriaxone miligiram 50 zuwa 80 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, metronidazole miligiram 7.5 ga kowane kilo duk awa 8, ruwa mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo a sake dubawa, fitsari mililita 1 ga kowane kilo a awa. A arewa kuma a riƙa tuna hujewar hanji ta taifot, wadda kan biyo zazzaɓin mako biyu, da ciwon cikin masu sikila.

Ɗalibar Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai malamaina, na ƙaru. Saura guda: wanda kulle ya riƙe shi har kwana biyar ko shida, ya iso ana jin dunƙule a marar dama amma sauran cikin da laushi, yana shan ruwa, shi ma tiyata za a yi masa nan take?

Likitan Tiyata ya amsa:

A'a malama, wannan dabam ne, kuma an ga irinsa da yawa a lokacin kulle. Jiki ne ya yi wa kansa shinge: kitsen ciki da hanji sun naɗe afendis ɗin sun manne. Shiga da wuƙa a wannan hali, musamman ga hannun da bai goge ba, na iya yaga hanji ya bar mutum da yoyon kashi ta rauni, ko ya kai ga yanke wani sashe na babban hanji. Abin yi shi ne sikanin, a ga ko dunƙule ne kawai ko akwai mugunya a tsakiya.

In dunƙule ne, a kwantar da shi, ruwa da alluran da aka ambata a sama, abinci mai ruwa-ruwa in ba ya amai. A zana iyakar dunƙulen da biro a kan fata ranar farko, kullum a duba ko ya ja baya daga layin. Bugun zuciya da zafin jiki duk awa 4. Yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 ake ganin sauƙi. In dunƙulen ya tsallake layin biro, ko bugu na hawa, ko ciwo ya bazu, ko ciki ya kumbura da amai, a bar jira a buɗe. In akwai mugunya da ta wuce santimita 3 zuwa 4, allura kaɗai ba ta cika isa ba, sai an zuƙe ta da bututu ana kallo ta sikanin, ko a yi ƙaramin yanka a gefe a fitar da ita a bar roba, ba tare da an tsaya neman afendis ɗin ba.

Bayan ya warke, da can kowa ake dawo da shi bayan mako 6 zuwa 8 a ciro afendis. Yanzu ga matashin da ba ya jin komai ba dole ba ne, sai in ciwon ya dawo ko yana zaune nesa da asibiti. Wanda ya haura shekara 40 kuwa dole a leƙa babban hanjinsa da kyamara bayan makonnin nan, domin ciwon daji na farkon babban hanji ko na afendis kansa yakan fara bayyana a haka. Dunƙulen da ya ƙi narkewa bayan an gama magani, ga rama da zufar dare, a nemi tarin fuka na hanji. A rubuta masa ranar dawowa a takarda mai hatimin asibiti, wadda zai iya nuna wa jami'an da ke kan shinge.